Gwajin Sankarar Bakin Mahaifa

Gwajin sankarar bakin mahaifa bincike ne da ake yi wa mace mai ƙoshin lafiya, wadda ba ta jin ciwon komai, domin a gano canjin da ya soma a ƙwayoyin halittar bakin mahaifarta tun bai rikiɗe ya zama sankara ba. Bakin mahaifa shi ne ƙarshen mahaifa na ƙasa, inda take haɗuwa da farji. Wasu na kiran cutar kansar bakin mahaifa, wasu ciwon dajin bakin mahaifa. Ita ce ta huɗu cikin sankarorin da suka fi kama mata a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata kimanin 660,000 ne suka kamu da ita, kimanin 350,000 suka rasu, kuma kashi 94 cikin ɗari na waɗanda suka rasu 'yan ƙasashe ne masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaicin ƙarfi.

Dalilin gwajin

Kusan duk sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta. Ana ɗaukar ƙwayar ta hanyar saduwa, kuma ta yaɗu sosai, har yawancin manya sukan ɗauke ta a wani lokaci na rayuwarsu ba su sani ba, jiki kuma ya kawar da ita da kansa. A jikin mata kaɗan ne take zama daram. Ƙwayar iri-iri ce, amma nau'i biyu, HPV 16 da HPV 18, su ne ke jawo kusan kashi 70 cikin ɗari na cutar. Daga fara canjin ƙwayoyin halitta zuwa zama sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 a jikin mace mai ƙarfin garkuwa, shekara 5 zuwa 10 kuma a jikin wadda garkuwarta ta raunana. Wannan doguwar tazara ita ce damar da gwajin yake cin moriya, domin a tsawon shekarun nan canjin ba ya ciwo, ba ya jawo jini, kuma ana iya cire shi a zama ɗaya ba tare da an kwantar da mace a asibiti ba.

Tarihi

An daɗe ana zargin cewa cutar na da alaƙa da saduwa. A 1842 wani likitan Italiya, Domenico Rigoni-Stern, ya bi littattafan rajistar mamata na birnin Verona, ya lura cewa sankarar mahaifa ba ta cika kama matan coci masu zaman zuhudu ba, ta fi yawa a cikin matan aure da zawarawa. Sai da aka yi fiye da ƙarni guda kafin a gano dalili.

Sunan da ya fi fitowa a tarihin gwajin shi ne George Papanicolaou, ɗan ƙasar Girka da aka haifa a 1883, ya ƙaura zuwa Amurka a 1913, ya sami aiki a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Cornell da ke New York. Da farko ba sankara yake nema ba. Yana nazarin zagayowar lokacin ɗaukar ciki ne a jikin ɓeran Masar, sai ya gano cewa idan ya laƙato ɗan ruwa daga gaban dabbar, ya shafa a gilashi, ya duba da madubin ganin ƙananan halittu, zai iya faɗar matakin da take. Daga nan ya koma kan mutane. Matarsa Andromachi, wadda aka fi sani da Mary, ita ce ta fara ba da kanta, kuma ana cewa ta yi kusan shekara 21 tana ba da samfurin kusan kullum, ban da aikin da take yi masa a ɗakin bincike. A cikin samfuran da ya tara daga wasu mata ne ya ci karo da ƙwayoyin sankara.

Ya gabatar da abin da ya gano a wani taro a garin Battle Creek na jihar Michigan a 1928, likitocin zamanin suka yi ko oho da shi. A ganinsu yanko tsoka a duba ya fi abin dogaro. Ya jingine maganar fiye da shekara goma, sannan ya dawo mata tare da wani likitan mata, Herbert Traut. Suka fitar da maƙala a 1941 da littafi a 1943, daga nan aka fara sauraro. Daga sunansa aka samo sunan gwajin Pap. A wajen 1927 zuwa 1928 wani likitan Romaniya, Aurel Babeș, ya bayyana wata hanya mai kama da wannan, kuma a Romaniya har yau da sunayen mutanen biyu ake kiran gwajin. Masana ba su daidaita a kan wanda ya riga wani ba.

Wasu kayan aikin sun zo a tsakanin nan. Hans Hinselmann na Jamus ya ƙera madubin duba bakin mahaifa a 1925. J. Ernest Ayre ya fito da ɗan faifan katako na kankaro ƙwayoyin halitta kai tsaye daga bakin mahaifa a wajen 1947, abin da ya sa samfurin ya ƙara inganci ƙwarai.

Sanadin cutar kuwa Bajamushe Harald zur Hausen ne ya tabbatar da shi, a lokacin da yawancin abokan aikinsa suka karkata ga wata ƙwayar daban. Shi da mutanensa sun gano HPV 16 a 1983 da HPV 18 a 1984 a cikin tsokar masu cutar, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Aikinsa ne ya buɗe ƙofar allurar rigakafi, wadda aka fara amincewa da ita a 2006, da kuma gwajin neman ƙwayar ita kanta.

Darasin da ya fito daga Turai shi ne samun gwajin a asibiti kaɗai bai wadatar ba. A Ingila an yi shekaru ana gwajin Pap ba tare da mace-mace sun ragu yadda aka zata ba, saboda matan da ke zuwa su ne dai suke ta dawowa, waɗanda suka fi shiga haɗari kuma ba sa leƙowa. A 1988 aka kafa tsarin aika wa kowace mace takardar gayyata idan lokacinta ya yi, da takardar tuni idan ba ta zo ba. Bayan haka ne adadin masu kamuwa da masu mutuwa ya yi ƙasa sosai.

Hanyoyin gwaji

A gwajin Pap, mace takan kwanta, ma'aikaciyar lafiya ta saka wani ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa domin ta ga bakin mahaifa, ta goga ɗan burushi a kai, a tura samfurin ɗakin bincike. Aikin mintoci kaɗan ne. Akwai rashin daɗi, amma galibi babu zafi, kuma mace na da ikon cewa a dakata. Matsalar wannan hanya a ƙasashe matalauta ita ce tana buƙatar ƙwararrun masu duba gilashi, sannan sai mace ta sake dawowa karɓar sakamako, da yawa kuma ba sa dawowa.

Saboda haka aka raya hanyar dubawa da ido. Ana shafa ruwan binega mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a bakin mahaifa, a jira kamar minti ɗaya a haska fitila. Wurin da ya canja sai ya yi fari. Nas ko ungozomar asibiti da aka horar za ta iya yi, kuma a ranar ake iya maganin wurin, ko dai a daskarar da shi da iskar sanyi ko a ƙona shi da ɗan ƙarfe mai zafi. Wani babban bincike a Mumbai ta Indiya, wanda aka sanar da sakamakonsa a 2013, ya nuna hanyar ta rage mutuwa da kashi 31 cikin ɗari. Zambiya ta kafa shirinta a kan wannan hanya tun 2006.

Gwajin HPV shi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita tun 2021, don ya fi sauran hanyoyin gano matsalar. Mace za ta iya ɗaukar samfurin da kanta da ɗan tsinken auduga. Samun ƙwayar a jiki ba ya nufin akwai sankara. Yana nufin a ƙara dubawa.

Shekaru da tazara

Shawarar hukumar ita ce a fara daga shekara 30, a maimaita gwajin HPV duk shekara 5 zuwa 10. Mata masu ɗauke da cutar HIV, waɗanda haɗarinsu ya ninka na sauran sau shida, su fara daga 25, su maimaita duk shekara 3 zuwa 5. Wadda aka yi wa allurar rigakafi ma tana buƙatar gwajin. Manufar da hukumar ta ƙaddamar ran 17 ga Nuwamba 2020 ita ce kafin 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da cutar magani.

Jinkiri

Dalilan da mata ke bayarwa sun yi kama da juna daga ƙasa zuwa ƙasa: kunya, tsoron zafi, fargabar sakamako, hidimar gida da aiki, da kuma "ai lafiyata ƙalau". Wannan na ƙarshe shi ne mafi haɗari, domin lokacin da alamu suka bayyana, wato zubar jini bayan saduwa, jini a tsakanin al'ada ko bayan an daina al'ada, da fitar ruwa mai wari, sau da yawa cutar ta riga ta yi nisa. Mai irin waɗannan alamu ganin likita take buƙata nan take, ba jiran ranar gwaji ba.

Labarin mutum ɗaya yakan motsa jama'a fiye da alƙaluma. Jade Goody, wata fitacciyar 'yar talabijin a Birtaniya, ta rasu da cutar a watan Maris 2009 tana da shekara 27, kuma a watannin jinyarta da rasuwarta an sami ƙarin mata kimanin rabin miliyan da suka je gwaji a Ingila. Bayan 'yan shekaru adadin ya sake sauka. Abubuwan da aka ga sun fi ɗorewa su ne gayyata da suna, saƙon tuni ta waya, ma'aikaciya mace, da bai wa mace damar ɗaukar samfuri da kanta.

A Najeriya

An ƙiyasta cewa a 2020 mata kimanin 12,000 suka kamu a Najeriya, kimanin 8,000 suka rasu, kuma cutar ita ce ta biyu bayan sankarar mama a tsakanin mata masu shekara 15 zuwa 44. Yawancin gwaji a asibitocin koyarwa da manyan asibitoci ake yi, ko a gangamin kyauta na ƙungiyoyi. A Arewa akwai ƙarin cikas: neman izinin maigida, kuɗin mota, ƙin tuɓewa gaban likita namiji, da ɗaukar duk wani ruwa ko ƙaiƙayi a matsayin ciwon sanyi, a yi ta sayen magani a kemis ko wajen mai maganin gargajiya har lokaci ya ƙure. Ran 24 ga Oktoba 2023 gwamnati ta shigar da allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum, allura ɗaya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14.

Saɓani

Ƙasashe sun bambanta a shekarar farawa: Amurka ta daɗe a kan 21, Ingila ta ɗaga daga 20 zuwa 25 a 2003. Masu goyon bayan ɗagawa na cewa canjin da ake gani a jikin 'yan mata yakan warke da kansa, yankan bakin mahaifa kuma na iya ƙara haɗarin haihuwar bakwaini. Gwajin yakan yi kuskure. A Ireland an yi ƙara da binciken gwamnati a 2018 kan matan da aka karanta sakamakonsu ba daidai ba, kuma ba a sanar da su ba.