Shekara 18 da makullin mota: abin da dokar tuƙi ta tanadar wa matashi a Najeriya

A gidaje da yawa koyon mota yakan fara ne daga wankinta. Yaro ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu shi ke fitowa da bokiti da tsumma bayan sallar asuba, ya wanke motar mahaifinsa, ya duba ruwa da baƙin mai, sannan a ce masa ya tayar da ita ta ɗan yi ɗumi. Bayan wata biyu sai a bar shi ya fito da ita ƙofar gida da ribas, bayan shekara guda kuma sai ka ji uwar gida tana cewa, "Ɗauki makullin Abbanku ka kai wa Hajiya abincin nan, amma ka bi a hankali." Babu wanda ya zauna ya yanke shawarar cewa yau yaron ya zama direba, abin yakan zo ne sannu a hankali har kowa ya saba. Ita kuwa doka tana da rana ƙayyadaddiya da take yarda mutum ya hau titi da abin hawa, kuma tana da matakan da sai an bi su. Iyaye da yawa ba su san su dalla-dalla ba, matasa kuma sukan ji labarinsu ne daga bakin abokai.

Dokar da ta fi shafar wannan batu ita ce wadda ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, waɗanda aka fi sani da 'yan Road Safety. An kafa hukumar a 1988, aka sake fasalin dokarta a 2007, sannan aka fitar da ƙa'idojin zirga-zirga a kan hanyoyin ƙasa na 2012, waɗanda suka yi bayanin rajistar abin hawa da lasisi da makarantun koyon tuƙi. Abin da suka tsaya a kai game da shekaru a fili yake: ba a ba wanda bai cika shekara 18 ba lasisin tuƙi. Wannan ya haɗa da babur, domin mutane da yawa suna ɗaukar babur kamar keke ne mai inji, alhali shi ma yana da nasa rukunin lasisi, rukunin A, kamar yadda ƙaramar motar gida take a rukunin B. Yaro ɗan shekara 15 da ke kai ƙannensa Islamiyya a kan babur yana saɓa wa doka daidai da wanda ya ɗauki mota, ko da kuwa ya fi babansa iya sarrafa ta a cikin lungu.

Matasa sukan kawo hujja da cewa a jihohin Amurka da dama ɗan shekara 16 yana tuƙi, a Ingila kuma ana farawa daga 17. Gaskiya ne, amma kowace ƙasa da nata tsarin, kuma a can ɗin ma ba a sakar wa yaro hanya haka kawai, sai da jarrabawa da sharuɗɗa. Najeriya ta zaɓi 18, shekarun da tsarin mulki ya ba mutum damar jefa ƙuri'a, kuma su ne Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauka a matsayin iyakar ƙuruciya. Dalilin da ya sa nake ganin wannan iyaka tana da ma'ana shi ne, iya riƙe sitiyari da canza giya abu ne da yaro mai kaifin basira zai koya cikin mako biyu, amma haƙuri a bayan tirela a hanyar Kano zuwa Zariya, da sanin lokacin da bai kamata a wuce mota ba, da jure zugar abokai huɗu da ke bayan mota suna cewa a ƙara wuta, waɗannan sai hankali ya nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya, kuma kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasuwa ta wannan hanya a kowace shekara.

Idan matashi ya cika shekarun, mataki na farko shi ne shiga makarantar koyon tuƙi, kuma ba kowace makaranta ba, sai wadda hukumar FRSC ta tantance ta amince da ita. A nan ne mutane da yawa ke tafka kuskure, domin sukan biya kuɗi ga duk wanda ya liƙa allo a kan tsohuwar mota ya ce yana koyarwa, sai an zo neman lasisi a tarar babu sunan ɗalibin a rumbun bayanan hukumar. Makarantar da aka amince da ita tana shigar da sunan ɗalibi a shafin hukumar na intanet tun ranar da ya fara, tana rubuta kowane darasi da ya halarta, kuma sai ya kammala darussa 26 kafin ta iya fitar masa da takardar shaida mai lamba. Da wannan lambar ce ake buɗe neman sabon lasisi. Wanda ya riga ya iya mota a hannun kawunsa ko a filin Idi na garinsu yakan ga kamar ɓata lokaci ne, amma akwai abin da kawu ba ya koyarwa: ma'anar alamomin hanya, da wanda ke da haƙƙin fara wucewa a shataletale, da abin da farin layi marar yankewa a tsakiyar titi yake nufi, da tazarar da ya kamata a bari tsakanin mota da mota idan ana ruwa ko hazo ya sauka.

A lokacin koyo akwai takardar izinin ɗan koyo da ake karɓa daga ofishin ba da lasisi na jiha, kuma tana zuwa da sharuɗɗa. Dole ne a liƙa harafin L ja a gaban motar da bayanta, domin sauran direbobi su san wanda ke gabansu su yi masa uzuri, kuma dole ne mai cikakken lasisi ya zauna kusa da ɗan koyo duk lokacin da ya hau hanya. Wannan takarda ba lasisi ba ce, ba ta ba shi damar ɗaukar mota shi kaɗai ya tafi kasuwa ko ya kwashi abokai zuwa ɗaurin aure. Na lura matasa suna jin kunyar wannan harafi, har wasu kan ɓalle shi da zarar sun bar unguwarsu, alhali shi ne ke sa direban tanka ya rage gudu ya ba su wuri maimakon ya matse su da ham.

Bayan makaranta sai gwaji a wurin jami'an duba ababen hawa, wato VIO, waɗanda ke ƙarƙashin gwamnatin jiha. Su ne ke tabbatar da cewa mutum ya iya tuƙin da gaske kuma ya san ƙa'idojin hanya, ana kuma duba lafiyar idonsa. Wannan ya nuna yadda aikin lasisi yake a hannun ɓangarori uku: VIO na yin gwaji, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha na karɓar kuɗi da miƙa lasisin, ita kuma FRSC na ɗaukar bayanai da buga katin. Ana cike takardar nema a intanet, ana neman lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, a biya kuɗi ta banki, sannan mai nema ya je cibiyar lasisi da ƙafarsa a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa da sa hannunsa. Daga nan a ba shi lasisin wucin gadi mai aiki na kwana 60 kafin na dindindin ya fito, wanda ke aiki na shekara 3 ko 5 gwargwadon abin da mutum ya biya. A farashin da aka sanar a tsakiyar 2025, lasisin mota na shekara 3 naira 15,000 ne, na shekara 5 kuma naira 21,000, ban da kuɗin makaranta da na gwaji.

Batun zuwa da ƙafa yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a nan ne ake cutar mutane. Duk wanda ya ce maka ka ba shi hoton fasfo biyu da kuɗi ka zauna a gida zai kawo maka sabon lasisi cikin kwana uku, to abin da zai kawo maka roba ce mai hotonka. Ba a yin lasisin farko na gaske ba tare da an ɗauki yatsun mai shi ba. Jami'i a kan hanya yana iya duba lambar a na'ura, idan babu ita a rumbun bayanai, mai riƙe da katin ya shiga laifi biyu, tuƙi babu lasisi da mallakar takardar bogi. Abin takaici shi ne sau da yawa uba ne da kansa ke biyan wannan kuɗi, har a ƙara wa yaro shekaru a takarda, yana ganin ya yi wa ɗansa gata.

Ta fuskar hukunci, tarar tuƙi ba tare da ingantaccen lasisi ba da hukumar FRSC ta daɗe tana aiki da ita naira 10,000 ce, kuma tuƙin wanda shekarunsa ba su kai ba laifi ne mai zaman kansa a takardar laifukan da jami'ai ke riƙewa. Ana iya tsare abin hawan har sai an biya, sannan jihohi na da nasu hukumomin, kamar KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna, masu aiki da dokokin jiharsu. Sai dai duk wanda ya tsaya kallon tara bai ga girman lamarin ba. Doka ta wajabta wa kowane abin hawa inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna, wadda kuɗinta ga motar gida ya koma naira 15,000 tun farkon 2023, tana kuma biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Amma takardar inshora tana sharɗanta cewa mai tuƙin ya kasance yana da lasisi. Idan yaro ɗan shekara 16 ya daki motar wani, ko ya ture mai tallan awara a bakin titi, kamfanin na da hujjar ƙin biya, nauyin gyara da na asibiti ya dawo kan mai motar da ya miƙa makulli. Idan kuwa rai ya salwanta, dokar tarayya ta tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 7 ga wanda tuƙin ganganci ya sa ya kashe mutum, a shari'ar Musulunci kuma kisan kuskure na jawo diyya da kaffara, kuma kaffarar na nan ko da iyalan mamaci sun yafe nasu haƙƙin na diyya.

Na taɓa halartar irin wannan zama a zauren wani mai unguwa. Yaron da ya yi tuƙin bai gama sakandare ba, an aike shi ne sayo ƙanƙara ranar suna a gidansu, ya buge wani dattijo mai keke ya karya masa ƙugu. Yana rakuɓe a gefe kansa a sunkuye, mahaifinsa kuwa sai maimaita magana ɗaya yake yi, "Wallahi ya iya mota, ya fi ni iyawa." Babu wanda ya musa masa. Ɗan dattijon ne ya ce, "Alhaji, ba iyawarsa muke tambaya ba, wa ya ba shi makullin?" An daidaita a kan kuɗin magani, amma dattijon bai sake hawa keke ba, yaron kuma ya daɗe ba ya son bi ta wannan layin.

Ban raina abin da ke jan matashi zuwa ga sitiyari ba. A garin da babu motocin haya masu tsari, wanda ya iya tuƙi shi ne ke kai mahaifiyarsa asibiti da tsakar dare, shi ke ɗauko ƙanwarsa daga makaranta, kuma ranar da aka fara aikensa shi kaɗai yakan ji an ɗauke shi a matsayin babba. Ga 'yan mata ma haka abin yake, kuma doka ba ta bambanta mace da namiji a nan ba: shekarun ɗaya ne, makarantar ɗaya, gwajin ɗaya. Budurwar da ke zuwa jami'a ko asibitin da take aiki da motarta ta huta da tsayuwa a bakin titi tana jiran Adaidaita Sahu bayan magariba. Wannan 'yanci na gaske ne, kuma lasisi shi ne ke mayar da shi halattacce, domin daga ranar da sunan mutum ya hau katin, shi ake tambaya a kan abin da ya aikata a hanya. Ana sa ran ya san cewa iyakar gudun ƙaramar mota kilomita 50 ne a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a hanya mai tagwayen layi ta gudu, ya ɗaura bel, ya ajiye waya, ya sa hular kwano idan babur ne, kuma ya riƙe lambar gaggawa ta hukumar, 122.

Akwai rukunin matasan da wannan tsari ya fi matsa wa, su ne yaran mota a tasha. Da yawansu sun shiga sana'ar tun suna ƙanana, suna loda kaya suna kwana a ƙarƙashin mota, maigida yana ba su sitiyari a inda hanya ta miƙe, har su zama gwanaye kafin su kai shekara ashirin. Amma lasisin tuƙin haya da na manyan motoci yana da nasa sharaɗin, hukumar na neman mutum ya kai shekara 26, ya kuma kawo shaidar lafiya daga asibitin gwamnati. Hikimar a bayyane take, tunda wanda ke ɗauke da fasinja goma sha takwas ko tan talatin na siminti kuskurensa ba ya tsayawa a kansa. Abin da ya dace ga irin wannan matashi shi ne ya karɓi lasisin rukunin B da zarar ya cika 18, da sunansa na gaskiya da ranar haihuwarsa ta gaskiya kamar yadda suke a NIN ɗinsa, ya riƙa sabunta shi a kan lokaci, ta yadda idan shekarun haya suka cika zai je neman ƙarin rukuni yana da tarihin tuƙi na shekara takwas a rubuce a rumbun hukumar.