Me ake nufi da "mannewar hanji" bayan an yi wa mutum aiki?

Sau biyu ana yi wa yayata aiki wajen haihuwa. Ɗinki ya warke sumul, aka yi suna, kowa ya watse. Sai bayan kusan shekara ta fara jin wani abu yana jan ta a ƙasan cibiya, kamar an ɗaure mata igiya daga ciki. In ta sunkuya ruku'u ya ja, in ta miƙa hannu za ta shanya kaya ya ja, in adaidaita sahu ya faɗa rami sai ta dafe mara ta runtse ido. An yi hoton ciki har sau uku, ana cewa ba a ga komai ba. A gida wasu suka ce olsa ce, wasu suka ce sanyi, wata gwaggonmu kuwa ta tsaya kai da fata cewa almakashi aka manta a ciki. Daga ƙarshe wani likitan tiyata ya saurare ta tsaf, ya duba tabon, ya ce: "Hajiya, ina kyautata zaton mannewa ce."

Ga abin da kalmar take nufi. Cikin mutum a shimfiɗe yake da wani siririn tantani mai santsi, shi ke sa hanji da mahaifa da sauran kayan ciki su riƙa zamewa a jikin juna ba tare da sun kama ba. Idan wuƙa ta taɓa tantanin nan, jiki yakan fitar da wani abu mai danƙo don ya rufe raunin. A ƙa'ida danƙon narkewa yake yi cikin 'yan kwanaki. In bai narke duka ba, sai ya rikiɗe ya zama tabo, ya haɗe hanji da hanji, ko hanji da bangon ciki, ko mahaifa da abin da ke kusa da ita. Wani tabon kamar yanar gizo yake, wani kuma kauri gare shi kamar tsirkiya. Tun a makon farko bayan aiki yake samuwa, ko da ciwon ba zai bayyana ba sai bayan shekaru.

Abin ba baƙo ba ne. Kusan mutum 9 cikin 10 da aka buɗe wa ciki suna samun mannewa, sai dai yawancinsu har su koma ga Allah ba za su san da ita ba. Aikin haihuwa, cire afendis, cire ƙarin mahaifa, ɗinke hanjin da taifod ya huda, duk suna iya barin ta. Kuma samuwarta ba ta nuna cewa likita ya yi sakaci, hanyar warkewar jiki ce ta zarce iyaka.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne maganar hoto. Mannewa ba ta cika fitowa a sikanin ko eksire ba, har ma da hoton CT. Ba a tabbatar da ita sai an leƙa cikin da ido, galibi da 'yar kyamarar da ake zurawa ta ƙaramar huda. Shi ya sa mai ciwon ke dawowa gida da takarda mai cewa lafiya lau, sai a fara kallon ta a matsayin mai raki ko mai gudun aiki. Na ga yayata tana tuƙa tuwo tana cije leɓe don kada a ce ta cika ƙorafi. Ciwon nan gaskiya ne, ko na'ura ta gani ko ba ta gani ba.

To me zai hana a sake buɗewa a yanke? Ana yi, amma kowane sabon aiki yana iya haifar da sabuwar mannewa, don haka likitoci ba sa gaggawa. Sun fi ajiye wuƙa sai hanji ya toshe, ko mannewar ta kama bututun ƙwan mace ta hana ta ɗaukar ciki, ko ciwon ya hana mutum sakat.

Toshewar hanji ita ce ba a wasa da ita. Murɗawar ciki mai zuwa tana lafawa, kumburi, amai musamman kore, ga ba bayan gida ba tusa: wannan ba lokacin jiƙo ko zuwa kemis ba ne. A tafi sashen gaggawa, ko Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko duk wanda ya fi kusa, kuma kada a ba mara lafiyan ci ko sha a hanya. Sau da yawa ƙarin ruwa da robar da ake zurawa ta hanci zuwa ciki sun isa su warware shi, wani lokacin kuma sai an shiga tiyata.

Yayata yanzu ta san jikinta. Tana cin abinci kaɗan-kaɗan, tana tauna sosai, ba ta wasa da shan ruwa. Ranar da cikin ya motsa takan bar ɗanwake da kwaɗon zogale ta koma kunu da farfesu. Likita ya hana ta tiramadol saboda yana ɗaure ciki, ya kuma ja mata kunne kan yawan shan diklofenak don gudun gyambon ciki da lahanin ƙoda. Da azumin bana da ruwan ɗumi da koko take buɗe baki, sai an sauko daga tarawihi take taɓa abinci mai nauyi.