Shekara nawa mai gigin tsufa yake yi, kuma wa zai yi jinyarsa?

Idan likita ya tabbatar wa iyali cewa abin da ke damun mahaifinsu ko mahaifiyarsu ciwon mantuwa ne, wanda muka fi sani da gigin tsufa, tambayar da ke ran kowa, amma kunya ta hana a furta, ita ce tsawon lokacin da za a ɗauka. Ajali na Allah ne, sai dai sanin yadda ciwon yake tafiya yana taimaka wa iyali su yi shiri.

Nau'in da ya fi yawa shi ne Alzheimer, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kai kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu ciwon. Akasarin masu shi suna rayuwa shekara 4 zuwa 8 bayan an gano shi, wasu kuma har su kai 20. Nau'in da hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke haifarwa yakan fi gaggawa, kimanin shekara 5. A wajenmu kuwa ba a cika kai tsoho asibiti da wuri ba, domin ana cewa "ai tsufa ne", ko a ɗora wa sammu da iska, don haka kafin a gane an riga an ci shekaru a ciki.

Abin da nake so iyalai su riƙe shi ne, sau da yawa ba mantuwar ce ke kai majinyaci ƙasa ba, abubuwan da ke biyo bayanta ne. Idan ciwon ya yi nisa haɗiya takan gagara, sai ya riƙa ƙwarewa, abinci ya bi hanyar numfashi ya haifar da ciwon huhu. Saboda haka a zaunar da shi tsaye sosai kafin a ba shi kunu mai kauri ko tuwo mai laushi, cokali ɗaya bayan ɗaya, kada kuma a kwantar da shi nan take. Wanda ba ya iya tashi a riƙa juya shi duk bayan awa 2, a duba ƙugu da duga-dugansa don gudun gyambo. A rufe rijiya, a kawar da tabarmar da za ta harɗe shi, a kuma sa takarda mai lambar waya a aljihunsa, domin wasu da magariba sukan fita wai za su "gida", alhali garin da suka baro tun ƙuruciya suke nufi.

Sai batun mai jinya, wanda ya fi damuna. Hukumar ta ce mata ne ke ɗaukar kusan kashi 70 na sa'o'in jinyar nan, kuma a gidajenmu yawanci 'ya ɗaya ce ko matar ɗa, wadda take wankin fitsari, take kwana ido biyu, sannan tsohuwa ta zarge ta da sace mata kuɗi a gaban baƙi. Wannan zargi ciwon ne ke magana, bai kamata dangi su kama shi ba. Jinyar shekara 8 ba ta mutum ɗaya ba ce. Tun farko 'ya'ya maza da mata su zauna su raba kwanaki da kuɗin magani, wanda ke nesa ya aiko da abin da za a biya mai taimako, a kuma ware wa mai jinyar ranar hutu kowane mako. Idan ta fara rasa barci ko yawan kuka, ita ma a kai ta a duba ta.