Waiwaye: Yadda Maganin Ƙwari Ya Shiga Buhun Wake

Duk lokacin da maganar lafiyayyen abinci ta taso, a rediyo ne ko a dandalin Facebook, takin zamani ne ke fara shan suka. Wasu su ce shi ya kawo cututtukan da kakanninmu ba su sani ba, a koma kashin shanu da toka. Wasu su ce takin gargajiya ba zai ciyar da mutum sama da miliyan 200 ba. Masu hali sun shiga neman abin da ake kira oganik, wato amfanin gonar da ba a sa wa sinadari ba tun daga shuka har girbi, masu ɗan fili a gida kuma suna shuka alayyafo da tumatir a buhu. Amma idan aka ɗauki wake, abincin da kusan kowane gida ke ci, ƙosai ne ko alala ko garau-garau, za a ga muhawarar ta tafi gona, alhali yawancin ɓarnar a sito ake yin ta.

Farkon labarin sananne ne. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna ɗora mangala a jaki su kwaso shara da toka daga birni zuwa gona, makiyayi kuma ya sauka a gonar bayan girbi shanunsa su bar masa taki. A shekarun 1970 takin zamani mai rangwame ya bazu, magungunan feshi irin su DDT da lindane, wanda aka fi sani da gamalin, su ma suka yaɗu. Daga baya duniya ta juya musu baya: yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita DDT, aka ƙara lindane a jerin a 2009.

Sai dai wake bai cika buƙatar takin zamani ba. Ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwarsa suna jawo masa naitirojin daga iska, abin da yake so kawai ɗan takin supa ne lokacin shuka. Kuma da Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya a watan Yunin 2015, ba taki ta gani a ciki ba. Dichlorvos ta gani, sinadarin da ke cikin fiya-fiya, daga miligiram 0.03 har zuwa 4.6 a kowane kilo, alhali iyakar da suka yarda da ita 0.01 ce. Wannan sinadari yana saurin bin iska, don haka wanda aka fesa a gona tun wake na fure ba zai kai watanni a cikin ƙwaya da wannan yawan ba. Bayan girbi aka zuba shi.

Tambayar ita ce yaushe wake ya fara zama a buhu na tsawon watanni. Amsar tana cikin abin da ya faru da gyaɗa.

Kafin tsakiyar shekarun 1970, gyaɗa ce kuɗin manomi daga Kano zuwa Maraɗi da Damagaram. Da kaka ya sayar wa ejan, a tara ta a dala, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa bakin teku. Ajiyar ba a wuyansa take ba. Wake kuwa ɗan rakiya ne, a tsakanin gero da dawa ake jefa shi, irin su kanannado da ɗan ila masu yaɗo, rabin amfaninsu harawa ce ta dabbobi. Abin da aka tsinko a zuba shi a rumbu da kwansonsa, uwargida ta ɗebi na kwana biyu ko uku ta casa. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, gyaɗa ba ta gama farfaɗowa ba kuturtar gyaɗa, cutar da darɓa ke yaɗawa, ta auka mata a 1975 ta lalata kimanin hekta 700,000 a arewacin Najeriya. Manomi ya nemi abin da zai maye gurbinta, ya sami wake: yana jure ƙarancin ruwa, ga kasuwa a Legas da Ibadan da Onica. A Nijar ma haka aka yi. Yau Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wannan wake a duniya, Nijar na bin ta.

Da wake ya zama kuɗi, sai yanayin ajiyarsa ya sake gaba ɗaya. Babu mai ɗora kwanso a mota zuwa Dawanau, dole a casa, a sheƙe, a auna a buhu. Kuma ribar tana cikin jira, a saya da arha a Nuwamba ko Disamba, a riƙe har Yuni ko Yuli lokacin da ya yi tsada. Wata shida ko bakwai ke nan ƙwaya tsirara tana zaune a buhun saƙa mai shan iska.

Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Macen tana manna ƙwai a jikin kwanso ko ƙwaya, tsutsar ta huda ta shige, ta ci ta girma a ciki, ta fito da fuka-fukai cikin mako uku zuwa huɗu idan ana zafi. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai fiye da 50. Kwanso katanga ne, tsutsotsi da yawa suna mutuwa kafin su ratsa shi, shi ya sa ɓarnar rumbu ke tafiya a hankali. A casasshen wake babu wannan katangar. Buhun da aka rufe da 'yan ƙwari ƙalilan a Disamba, kafin Afrilu ya zama gari da huji.

Magabata suna da dabarun casasshen wake, kuma suna aiki. Toka tankaɗaɗɗiya ake gaurayawa da shi, kwano ɗaya na wake kwano ɗaya na toka, a zuba a tulu ko randa, a ƙara toka kaurin yatsu biyu a sama. Tokar tana toshe ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi, ƙwaro ya kasa motsi balle ya hayayyafa. Rairayi mai laushi ma haka. Barkono da ganyen darbejiya suna ɗan kore shi, amma ba su kai toka ba. Matsalar lissafi ce: buhun wake ɗaya yana cin buhun toka ɗaya. Magidanci mai buhu biyu zai iya. Ɗan kasuwa mai buhu 500 ina zai sami tokar, wa zai tankaɗe masa ita ranar lodi? Kwalbar magani ɗaya kuwa tana shiga aljihu. Wannan giɓin, tsakanin dabarar da aka ƙirƙira don tulu da kasuwancin da ya koma na tirela, shi sinadari ya cike.

Ga yadda abin ke lalacewa. Fiya-fiya ba a yi ta don taɓa abinci ba. Idan aka yayyafa ta, takan kashe ƙwarin da ke waje, ƙarfinta ya gushe, sababbi su fito daga cikin ƙwaya ko su shigo ta saƙar buhu, sai a sake yayyafawa. Na ƙarshen, wanda aka yi kwana kaɗan kafin a kai kasuwa, shi ke isa tukunya. Alamomin gubar su ne dalalar miyau, gumi, amai, tsukewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi, kuma asibiti ake nufa nan take, ba manja ko madara ba. Ita kuma ƙwayar maganin ƙwari da ake kira bom, hayaƙi mai kisa take fitarwa idan ta sha danshi. Aikinta sai a wurin da iska ba ta fita, na kwana biyar zuwa bakwai, a naɗe ta a ƙyalle don garinta kada ya gauraya da wake. A buhun saƙa hayaƙin zurarewa yake yi, ƙwaro ya tsira, mutanen da ke kwana kusa da buhun su shaƙa.

Bidiyon da ya yaɗu a ƙarshen 2018, na masu yayyafa magani a kan wake, ya tayar da hankali kamar sabon abu ne, alhali an daɗe ana tafiya a kan wannan hanya. Waken da aka sauya wa halitta da aka amince da shi a 2019, wanda ake ta jayayya a kansa, tsutsar da ke cin fure da kwanso a gona yake yaƙa. Ba ruwansa da ƙwaron sito.

Maganin da ya dace da girman matsalar ya samo asali ne daga binciken da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Kamaru suka yi a yankin Marwa tun ƙarshen shekarun 1980, aka fara yaɗa shi a 2007: buhun PICS mai hawa uku. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A busar da wake sosai, a hura kowace leda a duba ko tana da huji, a cika, a matse iskar sama, a murɗe bakin leda ta farko a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowane da ɗaurinsa. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage, su daina ci, su bushe. Inda ake kuskure: a ɗaure ukun tare, ko a riƙa buɗewa ana ɗiba, ko a jingina shi da bango ɓera ya huda. Buhun da aka kula da shi yana yin kaka uku. Jarka ko durom mai murfin kirki, idan aka cika shi har wuya, aiki ɗaya yake yi.

Mai saye a kasuwa kuma, huji a jikin wake ba shaidar cewa ba a sa masa magani ba ne, domin sau da yawa sai an ga huji ake ɗauko kwalba. Ƙwaro mai rai yana yawo ya fi zama alamar ba a sa magani kwanan nan ba. Waken da ke warin magani a bar shi. Shanya shi a rana, surfe ɓawon, da zubar da ruwan tafasar farko suna rage abin da ke jikinsa, amma ba sa mai da waken da aka jiƙe da fiya-fiya abin ci.