Iskar tayar mota

Iskar taya ita ce iskar da ake ɗura wa tayar mota, kuma ita ke ɗauke da nauyin motar da kayan cikinta. Ana auna ƙarfinta da geji a ma'aunin PSI ko bar. Bar ɗaya ya kai kusan PSI 14.5. Yawancin ƙananan motoci na buƙatar PSI 30 zuwa 35.

Kamfanin da ya ƙera motar shi ke ƙayyade adadin. Akan same shi a takardar da ke manne jikin ƙarfen ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, ko a littafin motar, galibi da adadi dabam na lokacin da aka yi lodi. Lambar da ke gefen tayar kuwa iyakar iskar da za ta iya ɗauka ce, kuskure ne a bi ta wajen ba da iska.

Ana awo ne tayar na sanyi, wato bayan motar ta huta kamar awa 3, domin zafin tafiya na ƙara ƙarfin iskar. A nan direbobi da yawa ke kuskure: su rage iska da tsakar rana a kan hanya don gudun fashewa. Alhali ƙarancin iska ne ya fi fasa taya. Gefenta yakan riƙa lanƙwasa a kowane juyi, robar ta ɗau zafi har zarenta ya saki. Irin wannan taya tana cinyewa ta gefe biyu, ta sa motar shan mai. Wadda aka cika wa iska fiye da kima tsakiyarta ke cinyewa, kuma ba ta kama titi sosai.

Ko ba huji, taya na rage kusan PSI 1 zuwa 2 a wata, don haka ake so a duba duk wata da kuma kafin doguwar tafiya, har da safaya. Buga taya da ƙafa ko sanda ba awo ba ne. Gejin mai faci ma yakan yi ƙarya in ya tsufa.

Masu ratsa rairayin Agadez kan rage iska da gangan don kada mota ta kafe, su mayar da ita in sun hau kwalta.

Sababbin motoci da yawa na da na'urar TPMS mai lura da iskar taya, wadda ke kunna fitila a gaban direba in iskar ta ragu. Amurka ta wajabta ta a 2007, Tarayyar Turai a 2014. A dokar Amurka sai iskar ta ragu da kashi 25 cikin ɗari fitilar ke kamawa, shi ya sa ba ta maye gurbin geji.