Aikin tayirod a farkon juna biyu

Tayirod wani ɗan ƙunshin nama ne a gaban wuya, ƙasan zakaran wuya, wanda ke fitar da sinadaran T4 da T3 masu daidaita yadda jiki ke sarrafa ƙarfinsa. Idan ya kumbura shi ne maƙoƙo. Sinadarin TSH da ke fitowa daga ƙasan ƙwaƙwalwa ne ke ba shi umarni, kuma shi likitoci ke fara aunawa a jini.

Da zarar ciki ya shiga, aikin tayirod kan ƙaru da kusan kashi 50 cikin 100. Tayirod na ɗan tayi ba ya fara aiki sai wajen mako na 12, ba ya kuma wadatar da shi sai tsakiyar ciki. Kafin nan ƙwaƙwalwarsa na ginuwa ne da T4 na uwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga buƙatar aidin, sinadarin da tayirod ke haɗa T4 da T3 da shi, ga mai ciki zuwa maikirogiram 250 a rana, maimakon 150 na sauran manya.

Abin da ke rikita sakamakon gwaji shi ne sinadarin hCG na mabiyiya, wanda ke kaiwa ƙololuwa wajen mako na 10. Yana zaburar da tayirod, sai TSH ya sauka ba tare da wata cuta ba. Saukar ta fi yawa ga mai ɗauke da tagwaye da mai laulayi mai tsanani da yawan amai. Kuskure ne babba a auna mai sabon ciki da ma'aunin wadda ba ta da ciki.

Yanayin matar ma yana da tasiri. Ƙiba kan zo da ɗan hauhawar TSH. Wadda take da ciwon suga nau'i na ɗaya, ko ta sha yin ɓari, ko akwai ciwon tayirod a danginta, ta cancanci gwaji tun zuwan farko awo, domin kasalar da ciwon tayirod ke kawowa tana ɓuya cikin laulayi. Rashin isasshen sinadarin tayirod, idan ba a magance ba, yana ƙara haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini.

Mai shan levothyroxine, maganin da ke cike giɓin sinadarin tayirod, tun kafin ciki yawanci sai an ƙara mata yawansa da kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Ƙwayar ƙarin jini da ta kalsiyam na hana shi shiga jini sosai, don haka ana ba da tazarar awa 4 tsakaninsu.