Aikin al'umma a madadin tara: alƙali ne ke da zaɓi

Magana na ta yawo cewa yanzu duk wanda kotu ta ci tara, da ya ce ba shi da kuɗi sai a miƙa masa tsintsiya ya share titi, shi ke nan. Wasu kuma na cewa aikin tilas ne aka dawo da shi ta bayan gida. Duka biyun ba haka ba ne.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta Najeriya ta 2015, wato ACJA, a sashe na 460 ta ba kotu damar sa mai laifi ya yi wa al'umma aiki, kamar yankan ciyawa, yashe kwata ko aikin gona. Dama ce ta alƙali, mai laifi ba ya da ikon cewa ga abin da ya zaɓa. Alƙali ma na iya haɗa biyun: a 2020 wata kotu a Legas ta ci jarumar fim Funke Akindele tarar naira 100,000, ta kuma ɗora mata aikin kwana 14 saboda karya dokar kullen korona. Batun aikin tilas kuwa, sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya cire aikin da kotu ta yanke daga cikinsa.

Wanda ya yi laifi da makami ko laifin lalata ba ya cikin waɗanda za a iya ba aikin al'umma.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne maganar shekara 3. Hukuncin da doka ta tanadar wa laifin ake dubawa. In ya haura ɗaurin shekara 3, ƙofa ta rufe, ko da mutum bai taɓa shiga kotu ba. Aikin ba ya wuce wata 6, ba ya wuce awa 5 a rana, don mutum ya samu lokacin neman abinci. Wanda ya yi wasa da shi kuwa kotu na iya tura shi gidan yari.

Wannan doka ta kotunan tarayya ce da na Abuja. Jihohi na da tasu, kamar ta Kano ta 2019, don haka a duba ta jiha.

Abin da ke ci min rai shi ne ƙarancin amfani da damar. A Nuwamban 2023 sai da ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya sanar cewa an tara naira miliyan 585 don a saki fursunoni 4,068, akasarinsu tara ce kawai ta riƙe su. Talauci ne ya kulle waɗannan mutane. Duk mai ɗan'uwa a gaban kotu ya tuna wa lauya ya roƙi aikin al'umma a lokacin neman sassauci, kafin alƙali ya faɗi hukunci.